Wancan Mai Kunnuwa

Ƙwallo ba sana'a ba ce. Gara a faɗi wannan tun farko, kada wani ya karanta labarin nan ya ɗauka ana yabon ƙartin da suke barin aikin yi su bi fata mai iska cikin rana. Amma abin da ya kusa raba gidan Ja'afaru mai gyaran risho a unguwar Utaibiyya, a shekarar 1386 ta Hijira, ƙwallo ce ta tono shi, don haka dole a ambace ta.

Da ƙafa Ja'afaru ya zo Makka, shi da uwarsa Hure. Sun baro ƙasar Kano yana saurayi, suka ratsa Chadi, suka tsinci auduga a Sudan, ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan. A can 'yan dako suka koya masa tsaron raga, ya tsare ta har gwiwarsa ta hagu ta ƙi. Da ya iso Makka ya auri Shatu, ya kama gyaran risho da fitila, ya zama mutumin kirki. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya wuce yara suna ƙwallo ya yi shiru. Sai ya tsaya da rishon mutane a hannu, kananzir na ɗiga masa a ƙafa, yana ihu: "Ɗaga kai, ya walad! Ƙasa ba za ta gudu ba!" Abin haushi kuma, in an bi maganarsa sai a ci.

A shekarar nan, da alhazai suka watse, samari suka rasa abin yi, sai ƙungiyoyi uku suka aiko masa, kowace tana so ya zama mudarrib ɗinta, wato mai horar da 'yan wasa. Maimakon ya ce musu shi magidanci ne, sai ya ce zai yi shawara. Ya kuwa kai shawarar inda ake kai duk wata shawarar banza a Utaibiyya: bencin Tsoho mai tsire, bayan la'asar.

"Ta unguwar Zahir za ka karɓa," in ji Tsoho yana fifita garwashi. "Wannan ma abin tambaya ne? Makarantar Ustaz Mukhtaru ce fa. Na kai musu tsire ranar walima, na gani da idona. Fili a kewaye da katanga. Turakun raga na ƙarfe, an shafa musu farin fenti. Kowane yaro da takalmi, da riga mai lamba a baya. In an tashi a kawo shayi da madara. Usur kuwa na ƙarfe za su rataya maka, ba na gwangwani ba."

"Yaran fa?" in ji Rabe mai garwa, wanda yake kai ruwa gidajen Zahir tun yana da gashi a ka. "Faɗi yaran mana. 'Ya'yan masu kanti ne. In ƙwallo ta taho da ƙarfi matsawa suke yi su ba ta hanya, kamar an ɗauko gawa. Akwai wani mai tsaron baya, direban gidansu ne yake riƙe masa laima a bakin fili. Malam Ja'afaru, kai dai tafi Kudai. Can maza suke. Karnukan mota da 'yan dako, kowanne cinyarsa kamar turmi. Fili kuwa a shimfiɗe, ba ka ganin ƙarshensa."

"Ba ka ganin ƙarshensa saboda tashar mota ce," in ji Tsoho. "Ana cikin wasa direba zai shigo ya ajiye lori a tsakiya, ya kashe, ya tafi cin abinci. Rannan lorin Kabo direba ce ta tare musu ƙwallo biyu, har aka ce a ba ta riga. Da lokacin Hajji ya ƙarato kuwa, ba fili, ba 'yan wasa. Kuma ina mudarrib ɗinsu na bara?"

"Yana nan lafiya."

"Da haƙora nawa?"

Rabe ya ce wannan kuskure aka yi, alƙalin wasa aka nufa.

Haka suka yi ta yi har tsiren ya kusa ƙonewa. Tsoho ya ce a Zahir mutum zai yi ƙiba. Rabe ya ce a Kudai mutum zai yi suna. Tsoho ya ce suna a wurin mai cire haƙori. Ja'afaru yana zaune yana taunar nama, yana gyaɗa kai ga kowa.

Ƙungiya ta uku ba wanda ya tsaya tallanta, domin kowa ya san ta. Ta unguwa ce, ta Utaibiyya. Filinta yana bayan gidan Ja'afaru, a jikin dutse, a karkace, yadda in aka ajiye ƙwallo a tsakiya aka juya baya, sai ta kama hanyar gangare da kanta. Awaki ne suke share shi. Ƙwallo ɗaya ce, faci ya fi fata yawa. Ba takalmi, ba riga, ba shayi. Amma samarin ba su san a ci su ba.

A ƙarshe Tsoho ya ajiye mafici ya ce, "Mu daina wasa da hankali. Shayi yana Zahir, duka yana Kudai, ƙwallo kuwa tana bayan gidanka. Ka san haka."

"Filin a karkace yake," in ji Ja'afaru.

"Ga wancan yaron da yake ci musu. Ko a rediyo ba a faɗin irinsa."

"Tsoho, naman nan yaji ya yi masa yawa."

Tsoho da Rabe suka dubi juna suka bar maganar, domin su ma a ƙasar Hausa aka yanke musu cibiya. Yaron da yake ci wa Utaibiyya ƙwallo sunansa Yunus, shekararsa goma sha tara, kuma shi ne ɗan farin Ja'afaru. Uban da ya san kansa ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yaba shi, ba ya zuba masa ido a gaban mutane. Tun ranar suna Ja'afaru bai taɓa furta sunan nan ba. A gida sunan Yunus "wannan yaron". Shatu ma haka, in za ta miƙa masa abinci bango take kallo. Wannan kunya ce, kuma kunya ado ce. Amma mudarrib aikinsa ke nan: kiran suna, da yabo, da zuba ido, a gaban jama'a, da ƙarfi.

Matsalar ita ce Yunus a Makka aka haife shi. Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa ta cin tuwo ce da gaishe da tsofaffi. Ya tashi a garin da ake kiran uba da sunan ɗansa na fari, uban kuma yana amsawa yana washe baki. Mai burodin unguwa, wani mutumin Yaman, kullum da safe sai ya ce, "Sabahal khair, ya Abu Yunus!" Kullum kuma Ja'afaru sai ya zama kurma, ya wuce yana duba takalminsa. Yunus yana ganin wannan tun yana rarrafe. Shi ne kuma ya matsa wa abokansa su nemi uban. Ya ce musu, "Abuya zai yarda. Ku dai ku je."

Da shugabansu Zali ya zo jin amsa, ya durƙusa a ƙofar rumfar gyara ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ammi Ja'afar, mun zo."

"Allah ya yi muku albarka," in ji Ja'afaru yana hura bututun risho. "Na riga na amsa wa Zahir. Gwiwata ba ta son gangare."

"Ammi, ai ba kai za ka yi gudun ba."

"Ko kallon gangare ba ta so."

Kafin dare ya yi Yunus ya ji. Ya shigo gida ana shirin magariba, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Abuya, me muka yi maka?"

Ja'afaru ya juya wajen uwarsa, wadda take zaune tana gyaran wake. "Inna, a gaya wa wannan yaron ya rage yawo."

"Ga ni a gabanka, Abuya. Ni za ka gaya wa."

Ja'afaru ya ɗauki buta ya tafi alwala. Hure, wadda ita kaɗai ce a gidan take da izinin faɗin abin da ta ga dama ga jikanta, ta ce, "Zo nan mijina, rabu da shi. Zo ka tsince min tsakuwa, idona ya tafi." Yunus bai zo ba.

Ja'afaru ya kama aiki a Zahir. Duk abin da Tsoho ya faɗa gaskiya ne, duk abin da Rabe ya faɗa shi ma gaskiya ne. An rataya masa usur mai ƙyalli. Ya sha shayi da madara har wuyansa ya fara cika. Yaran suna da ladabi, in ya yi musu tsawa sai su ce "Tayyib, ya ustaz," su sake yin abin da ya hana. Ya koya wa mai laima tsayawa ba laima, wannan kaɗai ya ci masa wata guda. Amma yana kiran sunan kowa da bakinsa a sake, Isa, Hamza, Abbas. Ya gaya wa kansa ya zaɓi hutu.

Sai dai Makka ba ta da faɗin da mutum zai ɓuya wa unguwarsa. Ustaz Mukhtaru ya ga yaransa sun fara tare ƙwallo maimakon gaishe ta, sai girman kai ya kama shi, ya aika wa Utaibiyya goron gayyata su zo a kara ranar Alhamis bayan la'asar. Ustaz Mukhtaru jikan wani Bakatsine ne, amma Hausarsa ta ƙare a "sannu" da "goro". Bai san me ya haɗa ba.

Ranar Alhamis rabin Utaibiyya ta kwaso ta zo, har Tsoho da Rabe. Samarin unguwa suka shigo ba takalmi, suka tsaya suna mamakin fili mai kwance a daidai. Zali ya ajiye ƙwallo a ƙasa ya jira ta tafi, ta ƙi.

Ba a daɗe da farawa ba Yunus ya karɓi ƙwallo, ya ratsa mutum uku kamar an shanya su, ya zuba ta a raga. Bai yi murna da abokansa ba. Ya taho da gudu har bakin fili, ya tsaya a gaban uban yana haki. Ja'afaru ya ɗaga usur ɗinsa yana dubawa, kamar yau ya fara ganin ramin da ke jikinsa. Da Yunus ya ci na biyu ya sake zuwa ya tsaya, sai uban ya ɗaga kai sama ya tambayi na kusa da shi ko yana ganin za a yi hadari. A Makka, a tsakiyar zafi.

Da aka tafi hutu yaran Zahir suka kewaye shi. Kowane mai ido ya san maganin abin: a sa mutum biyu su manne wa Yunus. Ja'afaru ya fi kowa sani. Ya buɗe baki ya ce da Larabci, "Ku riƙe wancan."

"Wanne, ya ustaz?" in ji Isa, shugabansu, ɗan mai kantin yadi.

"Wancan na gaba."

"Su huɗu ne a gaba."

"Wancan dai. Wanda... wancan."

"Ka nuna mana shi, ya ustaz."

Nuna ɗan fari da yatsa a gaban rabin unguwa? Ja'afaru ya soke hannayensa a hammata. Gumi ya keto masa. Ya laluba ko'ina a kansa ya nemo abin da zai faɗa wanda ba suna ba, ba kuma yabo ba. Ba zai ce mai gudu ba, ba zai ce gwani ba, ba zai ce wanda ya ci ba, domin duk yabo ne. Sai ya ce, "Mai kunnuwa."

"Tayyib, ya ustaz."

Yaran nan an koya musu biyayya, ba a koya musu tunani ba. Suka duba filin suka ga Zali, wanda Allah ya ba kunnuwa kamar faifai biyu, kuma can baya yake tsaye, bai taɓa tsallaka tsakiyar fili ba tun da aka haife shi. Da aka dawo, mutum uku suka tafi suka kewaye shi. In ya yi taku ɗaya su yi. In ya sunkuya sosa ƙafa su sunkuya. Zali bai taɓa samun daraja irin wannan ba, har ya fara tafiya da ƙasaita.

"Ba shi ba!" Ja'afaru yana ihu. "Ɗayan! Ɗayan mai kunnuwan!"

"Ya ustaz, kowa yana da su!" Isa ya amsa daga tsakiyar fili, kamar zai yi kuka.

Yunus kuwa an bar masa fili kamar gado. Ci na uku da ya yi, har wanda ba ya son ƙwallo dole ya yarda an yi abu: ta taho a sama, ya tare da ƙirji, bai bari ta taɓa ƙasa ba ya juya ya narka ta. A daidai lokacin ƙafar Ja'afaru ta dama, mai lafiyar, ta tashi da kanta a bakin fili ta yi bugun tare da shi, ta ɗauke butar shayin makaranta ta watsa wa Rabe madara a riga. Ja'afaru ya ce kunama ya gani. Tsoho ya ce lalle, shi ma ya ga wucewarta, da gudu, ba takalmi.

An tashi huɗu da babu. Isa ya zo yana jan ƙafa, ya dubi mudarrib ɗinsa da kyau, ya dubi wanda ya ci su, ya ce, "Ya ustaz, da ka ce mai kunnuwa irin naka, ai da mun gane." Ja'afaru ya ce masa ya je ya sha shayi.

Sai ga Ustaz Mukhtaru ya taho yana murza carbi, bai ma ji haushi ba. "Ya Ammi Ja'afar, yaron nan da ya yi mana ɓarna, ɗan waye? Ina so in ɗauke shi a makarantata. Ka san ubansa?"

"Ɗan unguwarmu ne," in ji Ja'afaru. "Ba wani abin kirki. Gudu ne kawai."

"Uban fa?"

"Wani mutum ne. Yana nan."

Da a Kano aka yi wannan amsa, da dattawa sun gyaɗa kai sun ce ga uba mai tarbiyya. Amma a Zahir aka yi ta, kuma Yunus yana tsaye a bayansa da kofin ruwa da ya ɗebo masa, don ya ga uban yana ta gumi. Ya sunkuya ya ajiye kofin a ƙasa a hankali, ya fita ta ƙofar makaranta.

Washegari da aka idar da asuba aka ga tabarmarsa a naɗe, ba shi, ba jakarsa. Shatu ta fito tsakar gida idonta jawur ta ce wa mijin, "Babu shi."

"Wa?"

"Wanda babu."

"Yunus!" in ji Hure daga ƙofar ɗakinta, da muryar da ta tashi kajin maƙwabta. "Yunus, Yunus, Yunus! Sunan annabi ne, ba garwashi ba! Rabe ya biyo da ruwa yanzu, ya ce yana Kudai. Ya kama karen mota a lorin Kabo, garin Jizan za su, da hantsi za su tashi. Ya ce ba zai dawo ba." Ta ɗaga sandarta ta nuna ɗanta. "Kai, wannan. Zo nan."

Ja'afaru shi ma ɗan fari ne. Ya zo ya durƙusa.

"Ni ban taɓa kiran sunanka ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma kai a garinmu ka tashi. Ka duba dama ka ga ana yi wa ɗan maƙwabci haka, ka duba hagu ka ga haka, ka gane ba ƙi ba ne. Shi mijin nawa da ya duba dama me ya gani? Mai burodi. Da ya duba hagu fa? Mai gawayi, yana ɗauke da ɗansa a wuya yana kiran sunansa kamar mai talla."

"Inna, ai ke ya kamata ki fahimtar da shi."

"Na fahimtar da shi har bakina ya bushe. Ka san me ya ce? Ya ce, ya sitti, wai kaka ke nan, in so ne, me ya sa ya yi kama da ƙi haka? To ni ban da amsa. Kai mai usur je ka ba shi."

Ja'afaru ya fita yana ɗingishi, usur na lilo a wuyansa, don ya manta bai cire ba. Tsoho ya rufe nama da faifai ya bi shi. Rabe ya ajiye garwa ya bi su. Ba don taimako ba. Ba sa so a ba su labari ne.

Tashar Kudai tana cike da lori da hayaƙi da masu ihu. Can ƙarshe lorin Kabo take, an yi mata lodin buhuna har sama, mutane a zaune a kai, Yunus a cikinsu ya juya baya. Ja'afaru ya tsaya ya ce, "Kai!" Duk namijin da ke tashar ya waiwayo, ban da wanda ake nufi. Ya ce, "Kai, yaro!" Karnukan mota shida suka sheƙo suna tambaya ina kayan. Da ya rasa dabara sai ya kai usur baki ya busa.

Wannan kuskure ne. 'Yan ƙwallon Kudai suka ji usur, suka ga Ja'afaru, suka ɗauka ya bar Zahir ya karɓi tasu. "Mudarrib ya zo!" Kafin ya ce wani abu ƙarti huɗu sun sure shi sama sun fara zagaya tasha da shi, gwiwar hagu na reto. Yana ta "Ku sauke ni, 'yan banza!" suna amsawa da "Amin!" Yana can sama ya ji Kabo ya tayar da lori.

Yadda ya kuɓuce musu ba wanda ya gani sosai. An dai gan shi a gaban lorin, ya buɗe ƙafafu, ya ware hannuwa, ya ɗan rusuna, tsayuwar da ya bari a Bur Sudan.

Kabo ya leƙo ta taga. Mutumin Chadi ne, ya san al'adar sarai, kuma ba shi da tausayi ko kaɗan. "Mai risho, matsa. Lori ba ƙwallo ba ce, ba a cafe ta."

"Akwai wanda zai sauka."

"Wa?"

"Wancan."

"Wanne?"

"Mai..."

"Kada ka sake wannan," in ji Tsoho daga baya. "Jiya huɗu ta jawo maka."

Kabo ya gyara zama ya ce da ƙarfi yadda na saman lodi za su ji, "Yaron nan baligi ne, da ƙafarsa ya zo. Ba mai sauke min shi sai ubansa. Kai kuwa an ce min ɗan unguwarku ne kawai. Je ka kira uban, ina jira kaɗan."

Yunus ya juyo yana kallon ƙasa daga sama.

"Uban ne ya ce ya sauko," in ji Ja'afaru.

"Ina yake?"

"Yana kusa."

"Ban gan shi ba." Kabo ya taka mai, lorin ta yi gurnani ta matso taku guda.

"Ga shi nan a gaban lorinka da gwiwa ɗaya, kai makahon direba!" Muryar ta fashe. Ja'afaru yana kallon fitilar lorin, ba sama ba. "Kuma ka gaya masa... ci na uku na jiya, uban bai taɓa ganin irinsa ba. Ko a Bur Sudan."

Mutum mai imani da nan ya tsaya. Kabo bai tsaya ba. Ya kashe inji, ya fito ya tsaya a kan matakala, ya kewaye bakinsa da hannu biyu kamar mai kiran wanda ke bayan dutse, alhali mutumin yana gabansa, ya ce, "Ya Abu Yunus!"

Ja'afaru ya dubi ƙasa. Ya dubi sama, ba hadari. Ya dubi Tsoho, Tsoho ya kau da kai. Sannan ya ce, kamar mai haɗiye maɗaci, "Na'am."

Yunus bai bi ta tsani ba, tsalle ya yi daga kan buhuna. Ya zo ya kama kan uban ya sumbace shi a goshi, yadda 'ya'yan garin suke yi, a gaban direbobi da 'yan dako da masu shayi. Ja'afaru ya sandare kamar turken raga, ya ce wa Rabe ta gefen baki, "A gaya wa wannan yaron mutane suna kallo." Amma bai janye kan ba.

Rabe ne ya tsaya ya yi wa 'yan Kudai bayanin cewa ba su aka zo wa ba. Ya dawo da haƙoransa duka, sai dai rigarsa ba hannu ɗaya.

Ja'afaru ya mayar wa Ustaz Mukhtaru usur ɗinsa, ya yi ban kwana da shayi da madara. Ya kira Zali ya ce zai karɓi Utaibiyya, da gangarenta da awakinta, bisa sharaɗi ɗaya: a sa lamba a bayan kowa, kamar na Zahir. Abin da ya amfana da shi a can ke nan. Riguna dai babu, sai aka tara singileti. Shatu ta yanka tsohon baƙin zane ta ɗinka lambobin. Ta Yunus, tara, sau biyu ta bi ta da zare, ta ce yadin wajen ne ba shi da ƙwari.

Kunya ba laifi ba ce, kuma ba a ce kowa ya watsar da ita don ya tsallaka teku ba. Laifin shi ne mutum ya ɗauko al'ada tun daga Kano a ka, ya sauke ta a kan yaro, bai ɗauko mutanen da za su fassara masa ita ba. Yaron ma yana da nasa: wanda ya ga ƙafar ubansa ta ɗauke butar shayi bai kamata ya nemi wata shaida ba. Amma samari ba sa duba ƙafa, baki suke jira.

Har yau Ja'afaru bai furta sunan ba. Mai burodi in ya ce "Abu Yunus" da safe, yakan yi wani tari wanda in an saurara da kyau yana kama da amsa. Da la'asar kuwa, duk wanda ya bi ta bayan gidan zai ji shi tun daga bencin Tsoho, yana tsaye a karkace a jikin dutse, muryarsa har ta dushe: "Tara! Ɗaga kai, Tara! Wa ya koya maka wannan shirmen? Tara, jaki, buga mana!"

Tara kuwa yana gudu yana dariya.